Kurakuran da Aka Saba Yi Wajen Taimakon Farko ga Ƙananan Raunuka da Targaɗe

1. Gabatarwa

Da wuya makaranta ta yi mako guda cur ba a sami yaron da ya yi tuntuɓe ya ƙuje gwiwa ba, ko wanda reza ta yanka wajen fiƙe fensir, ko wanda ya gurɗe ƙafa a filin ƙwallo. Wanda ke fara duba irin waɗannan raunuka kuwa ba likita ba ne, malamin aji ne, kuma galibi abin da zai yi cikin minti goman farko shi ne abin da ya taso ya ga ana yi a gida. Daga ciki akwai wanda yake daidai, akwai wanda ba ya cutarwa ba ya kuma amfanarwa, akwai kuma wanda shi ne ke mai da ƙujewa gyambo, ya mai da targaɗe nakasa.

Maƙasudin wannan takarda shi ne a tattara kurakuran da suka fi yawa, a bi su ɗaya bayan ɗaya, a nuna inda kowanne ya kauce da dalilin kaucewarsa. In an dube su da idon basira za a ga tushensu ɗaya ne, watau zaton da ake yi cewa waraka daga waje take zuwa, sai an zuba wa rauni wani abu, kuma gwargwadon raɗaɗin abin gwargwadon ƙarfinsa. Alhali kuwa jiki shi ke ɗinke kansa. Aikin mai taimakon farko bai wuce huɗu ba: ya tsai da jini, ya wanke, ya rufe, sa'an nan ya san lokacin da abin ya fi ƙarfinsa.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan zato na ƙasar Hausa ne kaɗai. A ƙarni na 16 likitocin soja na Turai tafasasshen mai suke zubawa a raunin harsashi, don sun ɗauka albarushi dafi ne, sai an ƙone shi. A shekarar 1537, wajen wani yaƙi da Faransa ta yi a arewacin Italiya, man ya ƙare wa wani saurayin likita mai suna Ambroise Paré, tilas ta sa ya shafa wa sauran majinyata wani haɗi mai sanyi, na ƙwanduwar ƙwai da man wardi da ɗan man ƙaro. Ya kwana yana fargaba. Da gari ya waye sai ya tarar waɗanda ba a ƙona ba sun sami barci, waɗanda aka ƙona kuwa ga zazzaɓi, ga kumburi, ga azaba. Tun daga ranar ya daina ƙona mutane da mai.

2. Yadda Jiki ke Gyara Kansa

Fata ganuwa ce tsakanin mutum da ƙwayoyin cuta, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da zarar ta tsage, jiki yakan shiga aiki mataki-mataki. Da fari jijiyoyin jinin da suka yanke sukan tsuke bakinsu, waɗansu ƙananan ƙwayoyi na cikin jini su taru su liƙe wurin, sa'an nan a saƙa wata irin raga a kansu, jini ya daskare. Wannan aikin 'yan mintoci ne. Bayan haka fararen ƙwayoyin jini sukan yi ayari zuwa wurin, su cinye ƙwayoyin cuta da mataccen nama. Ɗan kumburi da ɗumin da akan ji cikin kwana biyu ko ukun farko alamar wannan aiki ne, ba alamar lalacewa ba. Daga nan sabon nama ya tsiro daga ƙasa, sabuwar fata kuma ta riƙa rarrafowa daga gefe zuwa tsakiya har ta haɗe.

Duk wanda ya fahimci wannan ya sami ma'auni. Kowane abu za a yi wa rauni, sai a tambaya: yana taimakon wannan aiki ne, ko kuwa yana rushe shi?

3. Tsai da Jini

Kuskure na farko shi ne cusa wani abu cikin rauni don jini ya tsaya. Yara sukan barbaɗa ƙasa, a gona akan sa kashin shanu ko saƙar gizo-gizo, a gida akan sa garin taba ko tokar murhu wadda ta riga ta gauraya da ƙasa. Lalle jinin kan tsaya, amma ko ba a sa kome ba da ma zai tsaya. Abin da aka ƙara kawai shi ne datti, an kai shi can ciki inda wanki zai yi wuya.

Kuskure na biyu shi ne ɗaure hannu ko ƙafa da igiya ko tsumma sama da rauni. Jijiyoyin jini iri biyu ne. Masu kawo jini daga zuciya suna da kauri, yawancinsu kuma suna can ciki. Masu mai da shi kuwa taushi gare su, da yawansu suna kusa da fata. Ɗaurin igiya yakan toshe masu mayarwa ya bar masu kawowa, watau jini na shiga ba ya fita, saboda haka zubar sai ta daɗu. Ɗauri mai faɗi wanda ke tsai da jini ɗungum yana da wurinsa, amma wurinsa babban rauni ne mai tsartuwar jini wanda dannawa ta kasa, inda rai ke cikin haɗari. Ba ruwansa da yankan reza.

Abin da ya kamata shi ne a sami ƙyalle mai tsabta, a danne bakin raunin da ƙarfi har minti 10 ba tare da ɗagawa ana leƙe ba, domin kowane leƙe yana yage ragar da jini ya fara saƙawa. In ƙyallen ya jiƙe a ɗora wani a kansa, kada a cire na farko. In wani babban abu ne ya kafe a ciki, kamar fasasshiyar kwalba, kada a zare shi, a danne gefe da gefensa a kai asibiti.

4. Wanki, da Batun Magani Mai Raɗaɗi

A nan ne zaton da muka ambata ya fi ƙarfi. Akan ji mutum ya ce maganin yana aiki tun da yana zafi. Don haka ake zuba sipirit, ko aidin mai ƙarfi, ko ruwan nan mai kumfa da ake saye a kantin magani, ko kuwa a cusa gishiri. A garejin gyaran mota har man birki da fetur da baƙin mai akan zuba, a gida kuma kananzir. To, raɗaɗin da ake ji ba kukan ƙwayoyin cuta ba ne, kukan naman mai rauni ne. Abin da ke kashe ƙwayar cuta ta hanyar ƙonawa ba ya tambayar wace ce baƙuwa, wace ce 'yar gida.

Alexander Fleming, wanda daga baya ya gano fenisilin a 1928, ya yi aiki a asibitin soja a Faransa lokacin Yaƙin Duniya na Farko, daga 1914 zuwa 1918. A can ya nuna cewa magungunan da ake zubawa cikin raunuka masu zurfi sun fi kashe fararen ƙwayoyin jini bisa ga ƙwayoyin cuta, domin su ƙwayoyin cuta sukan lafe cikin lunguna inda magani ba ya kai. Watau an kashe masu gadi an bar ɓarayi. Sipirit amfaninsa goge fatar da ba ta tsage ba ne, kamar kafin a yi allura, ko goge hantsakin da za a cire ƙaya da shi.

Wankin da ya dace mai sauƙi ne. Mai taimako ya fara wanke hannunsa da sabulu. Sa'an nan a riƙa kwarara ruwa a kan raunin da buta ko a bakin famfo, har sai ba a ganin yashi ko ƙura, a wanke kewayensa da sabulu. Yawan ruwan da gudunsa su ke aikin, don su ke kwashe datti. Duk ruwan da ya isa a sha ya isa a wanke ƙaramin rauni da shi. In na rafi ne ko tafki, a tafasa a bari ya huce. Ruwan gishirin da asibiti ke amfani da shi giram 9 ne kacal cikin lita 1, daidai da na cikin jini, shi ya sa ba ya raɗaɗi, kuma tsakaninsa da tsabar gishiri akwai nisa.

Akwai kuma masu fasa kafso su barbaɗa garinsa a rauni. Wannan gari an yi shi ne don haɗiya, a kan rauni sai ya dunƙule da ruwan miki, banda haka yawan yin wasa da irin waɗannan magunguna yana koya wa ƙwayoyin cuta jure musu. Cizon kare kuwa, ko da ƙanƙane ne, dokarsa dabam: a wanke da sabulu da ruwa har minti 15, a tafi asibiti a ranar saboda ciwon haukan kare.

5. "A Bar Shi Ya Sha Iska"

Kusan kowa ya yarda rauni sai ya bushe ya yi ɓawo kafin ya warke, har likitoci ma haka suka daɗe suna koyarwa. A 1962 wani masani a Ingila, George Winter, ya gwada abin a fatar aladu. Ya bar waɗansu raunuka a buɗe, ya rufe waɗansu da leda mai riƙe laima, sai ya ga sabuwar fata ta fi saurin rufe waɗanda ke da laima, kusan ninki biyu. A 1963 aka gwada a jikin mutane aka sami irin wannan sakamako. Dalili kuwa shi ne, sabuwar fata rarrafe take yi, in wuri na da laima sai ta bi ta sama salin-alin, in ya bushe sai ta haƙa ta ƙarƙashin ɓawo.

A wurinmu akwai ƙarin dalili, watau ƙuda da ƙurar hunturu da tafiya ba takalmi. Saboda haka bayan wanki sai a shafa ɗan basilin mai tsabta, a rufe da filasta ko ƙyalle wankakke wanda aka goge da dutsen guga, a riƙa sakewa kullum, ko duk sa'ad da ya jiƙe. Kada a ɗora auduga tsirara a bakin rauni, don zarenta kan manne, wajen cirewa a yage sabon nama. In ɓawo ya riga ya yi, kada a ɓamɓare shi.

Littattafan da aka rubuta a Turai sukan ce alamar rauni ya harbu ita ce jan da ke yaɗuwa. A baƙar fata ja ba ya bayyana sosai, don haka malami ya dogara ga waɗansu alamun: zafin da ke ƙaruwa bayan kwana biyu maimakon ya ragu, zogi, fata ta kumbura tana ƙyalli, ɗumi in an taɓa, mugunya, kaluluwa a hammata ko matsematsi, da zazzaɓi. Ko ɗaya aka gani sai asibiti. Haka kuma rauni mai zurfi ko mai buɗaɗɗen baki, wanda ke bukatar ɗinki tun cikin sa'o'in farko, da kowane rauni a ƙafar mai ciwon sukari ko mai sikila, domin nasu shi ya fi saurin zama gyambo.

6. Tsatsa da Sarƙe-haƙora

An yi ittifaƙi cewa ƙusa mai tsatsa tana kawo sarƙe-haƙora, cutar da likitoci ke kira tetanas. A nan an kama gaskiya ta wutsiya. Tsatsa ba ta kawo cutar. Ƙwayar da ke kawo ta tana zaune ne cikin ƙasa da kashin dabbobi, tana iya shekaru a kwance ba ta mutu ba. Arthur Nicolaier ne ya nuna a Jamus, a 1884, cewa ƙasa tana haddasa cutar a jikin dabbobi, wani masani ɗan Japan mai suna Kitasato kuma ya ware ƙwayar ita kaɗai a 1889. Halinta shi ne ba ta bunƙasa sai inda babu iska, don haka huda mai zurfi mai ƙaramin baki ita ce gidan da take so. Laifin ƙusa shi ne ta kwana cikin ƙasa, ta kuma yi rami mai zurfi. Ƙaya da tsinken kara da sabuwar fartanya duk suna iya yin haka. Wanda ya barbaɗa ƙasa ko kashin shanu a rauni kuwa, ya shuka cutar da hannunsa.

Abin da ke ruɗar mutane shi ne jinkirinta. Takan bayyana tsakanin kwana 3 da kwana 21, lokacin da an manta da raunin, sai a ga haƙora sun sarƙe, wuya ya sandare, a ɗora laifin a wani wuri dabam. Maganinta na gaskiya shi ne rigakafi, wanda aka samar tun 1924. A Nijeriya ana yi wa jarirai a mako na 6 da na 10 da na 14, amma ƙarfin waɗannan ukun yakan ragu, sai da ƙari. Wanda ya sami huda ko rauni mai datti, in allurarsa ta ƙarshe ta wuce shekara 5, ko ba a yi masa ba sam, ya je a yi masa a ranar, kada ya jira alama.

7. Targaɗe

Kalmar jijiya a Hausa ta tattara abubuwa da dama: mai ɗauke da jini, mai ɗauke da ji, mai haɗa tsoka da ƙashi kamar agara, da mai ɗaure ƙashi da ƙashi a gaɓa. Wannan ta ƙarshe ita ce targaɗe ke samu, ta miƙe fiye da kima ko ta yage. A targaɗe ƙashi yana nan wurinsa bai goce ba. In ya bar mazauninsa, wannan gocewa ce, in ya tsage ko ya rabu, karaya ce. Rashin rarrabe ukun nan shi ne ke haifar da kurakurai masu zuwa.

Na farko, ja da murɗawa don a "mai da jijiya wurinta". Ba abin da ya bar wurinsa balle a mayar. Jan abin da ya yage ƙara yaga shi ne, in kuwa ashe karaya ce, ana iya raba ƙashin da dā tsagewa kawai ya yi.

Na biyu, gasawa da ruwan zafi, da murza da man zafi, tun a ranar farko. Kumburin targaɗe jini ne da ruwa da suka tsiyaya daga ƙananan jijiyoyin da suka fashe. Zafi yana buɗe su, murza tana hana su liƙewa, don haka cikin kwana biyu zuwa ukun farko kumburi ƙaruwa zai yi. Haka nan tsaga ko ƙaho don a fid da "mataccen jini": jiki da kansa yake shanye wannan jini, tsaga kuwa ta mai da rufaffen ciwo buɗaɗɗe, ta kawo duk haɗarin da muka faɗa a baya.

Na uku, cewa da ake yi tun da yana iya motsa yatsu ai bai karye ba. Mai karaya yana iya motsa yatsu, wani ma har ya taka. A 1992 waɗansu likitoci a Ottawa ta ƙasar Kanada, ƙarƙashin Ian Stiell, suka fitar da ƙa'ida don sanin wanda ya kamata a ɗauki hoton ƙashinsa, domin cikin 100 da ake ɗauka saboda ciwon idon sawu, waɗanda ke da karaya ba su kai 15 ba. Gundarin ƙa'idar shi ne: in mutum ya kasa yin taku 4 a kan ƙafar, ko in an danna kan ƙashin idon sawu ta baya ko a tsininsa, na ciki ko na waje, ya ji zafi, ko a ƙashin gefen tafin ƙafa inda layin ƙaramin yatsa ya faro, to a ɗauki hoto. Malami ya ƙara lura da yara, don ƙashinsu ɗanye ne, yaron da ya faɗi ya dafa ƙasa yana kukan wuyan hannu sau da yawa ƙashin ne ya lotsa.

Na huɗu, kuma mafi muni, ɗaurin da ya matse. Maɗora mutane ne masu gadon sana'a, kuma a ƙauyuka da yawa su ne na kusa. Amma gaɓar da ta ji ciwo takan ci gaba da kumbura bayan an ɗaure ta, karan ɗori kuwa ba ya miƙewa. Sai jini ya yanke, kuma tsokar da ta yi kamar sa'a 6 ba jini takan fara mutuwar da ba ta dawowa. Tun 1881 wani likitan Jamus, Richard von Volkmann, ya bayyana yadda matsattsen ɗauri ke shanye hannu yatsu su ƙanƙame, in abin ya yi tsanani nama ya ruɓe sai an yanke. Garin neman gira an rasa ido ke nan. Alamomin su ne azaba mai ƙaruwa, yatsu su yi sanyi ko su mutu ba ji, ƙarƙashin farce ya sake launi. In an ga haka a kwance ɗaurin nan take, a nufi asibiti ko da tsakar dare ne.

Abin da ya dace da targaɗe shi ne a hutar da gaɓar kwana ɗaya zuwa uku, a ɗaga ta sama da ƙirji in an kwanta, a naɗa bandeji mai miƙewa daga wajen yatsu zuwa sama, sassauƙa yadda yatsa zai shiga ƙarƙashinsa. Sanyi yana rage zafi: ƙanƙara a cikin ƙyalle minti 15 zuwa 20, ko tsumman da aka jiƙa da ruwan randa. Amma ko ƙanƙarar ma an rage mata daraja. Gabe Mirkin, likitan Amurka wanda ya yaɗa amfani da ita a 1978, ya dawo a 2014 ya ce yawanta na iya jinkirta warkewa, tun da ɗan kumburi yana cikin aikin gyara. Dogon kwanciya shi ma kuskure ne. Da zarar zafi ya lafa a fara motsa gaɓar da takawa a hankali, daga baya a riƙa gwada tsayuwa da ƙafa ɗaya, don wannan yana rage komowar targaɗe. Ƙarami yakan warke cikin mako ɗaya zuwa uku, babba yakan ɗauki mako shida ko fiye.

8. Shawara ga Kwalejojin Horon Malamai

Hana mutum abin da ya gada ba tare da an gaya masa dalili ba, aikin banza ne, zai yi shiru a aji ya koma gida ya ci gaba. Don haka ya kyautu a fara koya wa ɗalibai yadda jiki ke gyara kansa kafin a zo kan jerin yi da bari, domin wanda ya san dalili zai iya hukunta ko da abin da ba a lissafa masa ba. Ya kyautu kuma a koyar da Hausa, da kalmomin da iyayen yara ke amfani da su, a kuma tsai da sunaye rarrabe ga ire-iren jijiya, aikin da ya rataya a wuyan masana harshe tare da ma'aikatan lafiya.

Kayan da makaranta ke bukata ba su da tsada: buta, sabulu, ƙyallaye wankakku, filasta, basilin, bandeji mai miƙewa, almakashi, da littafin da za a rubuta sunan yaro da ranar da ya ji rauni, don a sake duba shi bayan kwana biyu. Malamin da ya tanadi waɗannan tun kafin a bukace su, ya kuma san hanyar ɗakin shan magani mafi kusa da lokutan buɗe shi, ya sauke mafi yawan nauyin da ke kansa, don ba a fafe gora ranar tafiya.